Littafin cekin banki ko cekin kamfani na musamman: wanne ya dace da ofishinku?

Watannin baya wani dattijo, ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwa, ya shigo ofishina da takarda a hannu. Cekin wani kamfanin sayar da taki ne, da tambarin kamfanin kore shar a kusurwa, sunan mai karɓa da adadin kuɗin duk firinta ce ta buga su, tsaf-tsaf. Ya ajiye shi kusa da littafin cekinsu na banki, wanda bangonsa ya lanƙwashe saboda zaman aljihu, ya ce, "Malam, mu ma irin wannan muke so. Nawa zai ci mana, kuma ya fi namu tsaro?" Na ce, "Baba, zauna tukuna, wannan magana ba ta tsaye ba ce." Abin da muka tattauna ranar shi zan faɗaɗa a nan, domin makarantu masu zaman kansu, ƙungiyoyin gama kai, kwamitocin masallatai da ƙananan kamfanoni da yawa suna fuskantar wannan zaɓi. Tiransifa ta ci kasuwa, gaskiya ne, amma duk inda doka ta ce sai shugaba da ma'aji sun sa hannu tare kafin kuɗi ya fita, ko inda ake karɓar kaya bashi a bar ceki mai kwanan wata na gaba, ceki yana nan da ransa.

Kafin a kwatanta, sai an san abin da ba ya canzawa ko wane iri ka ɗauka. Duba ƙasan kowane ceki, za ka ga layin lambobi masu wata irin siffa, wasu da kauri a gefe ɗaya kamar an sassaƙa su. Wannan layi ake kira MICR. Tawadarsa tana ɗauke da garin ƙarfe, na'urar banki tana sa mata maganaɗisu sannan ta karanta kowace lamba daga irin motsin da ta bayar, shi ya sa ko biro ya ɗan gifta ta kai, sau da yawa na'urar kan gane ta. A Amurka aka ƙirƙiro dabarar a shekarun 1950, lokacin da Bank of America ya haɗa kai da cibiyar bincike ta Stanford don samun na'urar da za ta rage wa ma'aikata tantance ceki da hannu, kuma a 1958 ƙungiyar bankunan Amurka ta amince da salon rubutun da ake kira E-13B. Alamomi 14 ne kacal a cikinsa, lambobi 10 da alamomin rabewa 4. Shi Nijeriya ke amfani da shi, kamar Ingila. Faransa tana da nata salon, CMC-7, mai kama da ƙananan sanduna a jere.

A cekin Nijeriya layin yana ɗauke da lambar ceki, lambar reshen banki mai lambobi tara, lambar asusu (NUBAN) mai lambobi goma, da lambar nau'in takardar. Babban Bankin Nijeriya ya kafa ƙa'idar fasalin ceki da tsarin tantance maɗaba'un da ke buga shi tun 2006, ya sabunta su a 2018, kuma daga 1 ga Afrilu 2021 aka daina karɓar tsohon samfuri a kiliyarin, wato tsarin da bankuna ke musayar ceki da biyan juna. Sabon ya zo da ranar ƙarewar aiki, da wata ƙarin lamba a layin ƙasa wadda ake lissafa ta daga sauran lambobin, ta yadda in an taɓa ɗaya ko na'ura ta karanta ba daidai ba, lissafin ba zai tashi ba.

Abu na biyu da ba ya canzawa shi ne cewa bankinka ba ya ganin takardar da ka rubuta in an kai ta wani banki. Tun 2012 aka fara a Legas, 2013 aka game ƙasa da tsarin da bankin da aka kai wa ceki zai ɗauki hotonsa gaba da baya, ya aika hoton da bayanan layin ƙasa ta hannun NIBSS, cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Nijeriya, takardar kuma ta zauna a wurinsa. Wannan ne ya rage kwanakin jiran kuɗi. Amma ka lura da abin da hakan ke nufi: ma'aikacin da zai yanke hukuncin a biya ko kada a biya, hoto yake kallo a kwamfuta. Ba zai shafa takardar ba, ba zai ɗaga ta ga haske ba. Duk wani ado da ke duhunta hoto, ko hatimin ofis da aka danna a kan adadin kuɗi, ko sa hannun da jelarsa ta sauko cikin farin filin da aka keɓe wa layin ƙasa, mai faɗin kimanin milimita 16, matsala ce. Haka fil ɗin sitefila, haka ninke ceki a kan layin.

To, littafin banki. Kana cike fam ko ka nema ta manhajar waya, bayan 'yan kwanaki a kira ka. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba ka da ruwa da batun fasali, domin bankin ya riga ya sayo takardar daga maɗaba'ar da Babban Banki ya amince da ita, an buga sunanka da layin ƙasa a wurin da aka tantance. Mutane da yawa suna raina wannan takarda saboda ba ta da ƙyalƙyali. Na sa dattijon nan ya ciro ganye ɗaya ya ɗaga shi ga hasken taga, sai ga tambari a cikin jikin takardar, irin na takardar Naira. Na haska masa fitila mai shuɗin haske, irin wadda 'yan canji a Wapa ke duba dala da ita. Takardar ba ta yi fari fat ba kamar yadda takardar fotokwafi ke yi, ta tsaya dishi-dishi, sai wasu zane-zane da ido bai gani ba da farko suka fito. Da madubin ƙara girma kuma, a yawancin irin waɗannan takardu, abin da kake zaton siririn layi ne sai ka tarar ƙananan haruffa ne a jere, waɗanda injin kwafi ke mayarwa ɗigo-ɗigo. Launin bayan takardar ma da gangan aka zaɓi tawadarsa: in an sa ruwa ko sinadarin goge rubutu, sai ta zube ko ta yi tabo, ta tona asiri. Duk wannan yana cikin littafin da ke aljihunsa, kuma bai biya ƙarin sisi a kai ba.

Raunin littafin banki yana wurin hannun mai rubutu. A wata makaranta da na taɓa duba wa littattafan kuɗi shekarun baya, an rubuta wa mai kawo alli da rajista cekin Naira 8,000. Akawun ya rubuta "Eight", ya bar ɗan fili, sannan ya rubuta "thousand", a akwatin lambobi kuma ya bar sarari tsakanin 8 da waƙafi. Ceki ya bi hannu biyu kafin ya isa banki. Wani ya ƙara harafin "y" guda ɗaya da sifili guda ɗaya, da biro mai launi iri ɗaya, aka biya Naira 80,000 a kanta. Babu sinadari, babu kankara, don haka babu abin da takardar za ta nuna. Sai ƙarshen zango, da muka ɗora guntun da ke saura a littafi kan bayanin asusu, sannan abin ya fito. Har yau ina tuna yadda shugabar makarantar ta riƙe guntun nan tana juya shi, idonta ya kawo ruwa, domin kuɗin albashin malamai biyu ne a lokacin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A fara rubutu daga can farkon layi, a matse kalmomi, a rufe da "only" a ja layi har ƙarshe. A manna lambar farko da alamar Naira. A yi amfani da baƙin biro mai tawadar jel, wadda ke shiga cikin zaren takarda ta fi wuyar wankuwa, a guji jan biro da kore domin ba sa fitowa sosai a hoto. In kalmomi da lambobi suka saɓa, doka ta fifita kalmomi, amma a aikace banki mayar da cekin yake yi, ka yi asarar kwanaki. Sannan a ja layi biyu a fuskar cekin a rubuta "A/C Payee Only", yadda ba za a biya shi a kanta ba sai dai ya shiga asusun mai sunan. Da an yi wa cekin makarantar nan haka, da wanda ya ƙara harafin bai sami komai ba.

Yanzu cekin kamfani na musamman. Yadda ake samunsa shi ne ka je wa bankinka da buƙata, a tsara fasalin da tambarinka, maɗaba'ar da ke da lasisin Babban Banki ta buga, a gwada samfuri a na'urar banki kafin a buga mai yawa. Babban Banki yana fitar da jerin waɗanda ya amince da su lokaci zuwa lokaci, kuma sunaye irin su Superflux da Tripple Gee na Legas sun sha fitowa a ciki, amma lasisin sabunta shi ake yi, saboda haka jerin da ke aiki a ranar da za ka ba da oda shi za ka nema daga bankinka. Jerin kashi biyu ne: masu buga takardar kanta, da masu buga suna da layin ƙasa, waɗanda yawancinsu bankunan ne da kansu.

Kada ka ɗauka za ka tsara shi yadda ranka ke so. Girman takardar, wurin kwanan wata, akwatin adadin kuɗi, wurin sa hannu da farin filin ƙasa duk an ƙayyade su. Abin da ya rage maka shi ne ɗan wurin tambari, launi mai haske wanda ba zai danne rubutu a hoto ba, da ƙarin matakan tsaro in kana so, kamar hologiram ko tawadar da ke ɓacewa in ka ɗora yatsa mai ɗumi ta dawo in ta huce. Ina ganin amfanin waɗannan ƙarin bai kai yadda masu tallarsu ke faɗa ba, saboda dalilin da na ambata: bankin da zai cire kuɗi daga asusunka hoto yake gani. Hologiram yana taimakon kashiyan da aka miƙa wa takardar da ɗan kasuwar da ya karɓa, in sun san yadda na gaskiyar yake. In ba su taɓa ganinsa ba, kowane ƙyalli hologiram ne a wurinsu.

Ainihin ribar cekin musamman ita ce ana cike shi da firinta kai tsaye daga manhajar lissafin kuɗi. Sunan mai karɓa ba ya kuskure, kalmomi da lambobi ba sa saɓawa, ana cike sauran fili da taurari ta yadda babu inda za a saƙa harafi, kuma kowane ceki yana shiga littafin lissafi a daidai lokacin da aka buga shi. Sau da yawa takardar tana zuwa haɗe da wani ɓangare da ke bayyana ko kuɗin mene ne aka biya. Ga kamfanin da ke biyan masu kawo kaya ɗari ko fiye a wata, wannan sauƙi ne babba, kuma na'urar banki ta fi karanta bugun firinta a kan rubutun hannu.

Sai dai firinta ma iri-iri ce, kuma a nan ne na ga ofisoshi da yawa suna tafka kuskure bayan sun kashe kuɗi. Firintar leza garin tawada take narkawa da zafi ta manna a saman takarda. In takardar ba mai riƙe garin ba ce, ana iya ɗaga rubutun a kankare shi ba tare da an ji wa takardar ciwo sosai ba. Dole tun wurin oda ka gaya wa maɗaba'a cewa da leza za ka cike, su ba ka takardar da aka yi wa shafi na musamman mai kama garin, kuma su tabbatar hologiram da sauran tawadar za su jure zafin injin. Garin tawada na araha da ake sake ɗurawa a kasuwa ya fi saurin ɓarewa, araha kuwa ba ta ado. Firinta mai tawadar ruwa ban ba da shawararta ba, domin yawancin tawadarta danshi kaɗan ke sa ta zube. Tsohuwar firinta mai allura, wadda ke ƙarar nan mai kaɗa kunne, ita ce ke dukan takarda ta cusa tawada cikin zarenta, kuma ta wannan fuska ta fi su duka wuyar gogewa, in dai ana canza ƙyallen tawadarta kafin ya dushe. Dusasshen rubutu ba ya fitowa a hoto.

Akwai kuma batun yawa. Maɗaba'a ba ta tayar da inji don ganye 200. Za ka yi odar dubbai, ka biya gaba ɗaya, ka jira makonni. Kowane ganye a ɗaure yake da asusu ɗaya a banki ɗaya, kuma yana da ranar ƙarewa. Waɗanda suka tara tsohon samfuri kafin 2021 sun ga yadda kwali-kwali na takarda ya tashi daga aiki a kiliyarin. In kun sauya banki, ko kun sauya sunan kamfani, ko bankin ya rufe kamar yadda aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, sauran takardun sai ƙonawa. Kafin nan kuma ajiyarsu nauyi ce. Littafi mai ganye 50 ma'aji zai iya ƙirga shi kullum da yamma. Ganye 5,000 a cikin kabad fa? In wani ya zare uku daga tsakiyar kwali na huɗu, sai bayan wata nawa za a sani? Yawancin zambar ceki da na gani a aiki, daga cikin gida ta fito ko da taimakon na cikin gida. Ofishin da mutum ɗaya ne ke riƙe makullin kabad, shi ke buga ceki, shi ke daidaita lissafi da bayanin banki, cekin musamman ƙara masa haɗari zai yi. In kuma aka kai ga saka hoton sa hannun shugaba a cikin kwamfuta don firinta ta riƙa bugawa, to an miƙa asusun gaba ɗaya ga duk wanda ya san lambar sirrin kwamfutar.

Wani matashi ya taɓa nuna mini bidiyo a intanet inda ake sayen farar takardar ceki da garin tawada mai maganaɗisu, mutum ya buga komai a ofishinsa har da layin ƙasa. A Amurka ana yin haka kuma bankunansu suna karɓa. A Nijeriya babu wannan hanya. Layin ƙasa sai wanda aka tantance ne ke buga shi, kuma bankin da ya shigar da takardar da ba ta bi ƙa'ida ba cikin kiliyarin tara ake cin sa. Kada ka ɓata kuɗinka.

Abin da ya fi takarda da firinta ƙarfi, kuma yana aiki da kowanne cikin biyun, shi ne tabbatarwa tun kafin a kai ceki. Ka sanar da bankinka lambar cekin, sunan mai karɓa, adadi da kwanan wata, ta manhaja ko ta takarda, ka kuma sa a rubuce cikin umarnin asusunku cewa duk cekin da ya haura adadi kaza kada a biya sai an tabbatar. Indiya ta mai da wannan tsari na ƙasa baki ɗaya tun 1 ga Janairu 2021, ga cekin da ya kai rufi 50,000 zuwa sama. A nan bankuna suna da nasu tsarin, kowanne da iyakarsa, saboda haka ka tambayi manajan asusunka, kuma ka nemi a rage iyakar zuwa abin da ya dace da ku. Ka tabbatar lambar wayar da banki zai kira ta mai sa hannu ce, ba ta wanda ke rubuta cekin ba. Da wannan, ko an wanke takarda, ko an buga jabu mai kama da taku sak, adadin da sunan ba za su dace da abin da ke wurin banki ba.

Girman kuɗin ma yana rage muhawara. Tun 1 ga Janairu 2010 ceki ba ya wuce Naira miliyan 10 a kiliyarin, abin da ya haura sai ta hanyar lantarki. Tun Janairun 2023 kuma cekin da aka rubuta wa wani ba a biyan sa tsaba a kanta in ya wuce Naira 100,000. Da yadda farashi ya tashi, manyan biyan kuɗin kamfani sun riga sun bar ceki, albashi kuma ya koma asusun ma'aikata. Kafin ka yi odar dubbai, buɗe littattafan bara ka ƙirga ceki nawa kuka fitar da gaske. Ofisoshi da yawa sukan yi mamakin ƙanƙantar adadin.

In matsalarku ita ce masu kaya ba sa yarda da cekinku don tsoron ya dawo, tambari ba zai magance wannan ba. Diraf na banki ne maganinsa, tunda banki ya riga ya cire kuɗin kafin ya rubuta. Mai karɓa dai ya tabbatar da shi a bankin da ya fitar kafin ya saki kaya, domin diraf ma ana yin jabunsa. Shi kuwa mai ba da ceki alhali ya san babu kuɗi a asusu, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara, ko a wace irin takarda ya rubuta.

Ra'ayina a fili yake. Ƙungiya, makaranta, kwamiti ko shagon da ke fitar da ceki 10 ko 30 a wata, su tsaya a littafin banki, su gyara rubutu, su ja layi biyu, su sa tabbatarwa, su daidaita guntayen littafi da bayanin asusu kowane mako. Cekin musamman na kamfanin da ke fitar da ɗaruruwa ne, mai manhajar lissafi da ke aiki, mai akwatin ƙarfe da rajistar lambobin ganye, kuma mai aƙalla mutum uku daban: mai ajiya, mai bugawa, mai dubawa. Wanda ke tsakiya, wato yana son bugun firinta amma bai kai yawan oda ba, ya tambayi bankinsa ko ganyen littafinsu zai shiga ƙaramar firintar cike ceki, domin akwai masu karɓar ganye ɗaya-ɗaya, kuma da ita za a sami tsaftar bugu ba tare da tara kwalaye ba.

Da muka ƙirga guntayen littafin dattijon nan, ceki 61 ƙungiyarsu ta fitar a shekara guda cur. A cikinsu 9 ne kawai aka ja wa layi biyu, kuma lambar wayar da ke wurin banki ta tsohon sakatarensu ce, wanda ya bar ƙungiyar tun shekara 2 da suka wuce. Ya mayar da cekin kamfanin takin cikin ambulan, ya ce in rubuta masa wasiƙar sauya lambar waya da ta neman tabbatarwa, zai kai wa shugabansu ya sa hannu bayan La'asar.